Ranar da Na Cinye wa Saje Sulhu

Ranar Alhamis, saura kwana uku Babbar Sallar 2011, wajen ƙarfe ɗayan rana, ina tsugune bayan wani tarin kwalaye a lungunmu na Sanyuanli, wata unguwa a birnin Guangzhou na ƙasar Cana, kwano tsakanin gwiwoyina, ina zuba loma kamar wanda aka biyo. Wake da shinkafa ne irin na 'yan Ghana, jan nan da suke ce wa wakye, ga dafaffen ƙwai a sama, ga baƙin yajinsu shito yana naso a gefe. Shekarata goma sha ɗaya. Hawaye na zuba saboda yaji, majina ta biyo hawaye, ni dai ban saurara ba. Sai da na suɗe kwanon tas na ɗaga kai, na ga Alhaji Sabo mai takalma, aminin Abbanmu, tsaye yana kallon maiƙon bakina. Ya gyaɗa kai sau biyu, ya zaro waya daga aljihu. A nan na san na cinye wa kakana sulhun da ya yi kwana goma sha ɗaya yana haɗawa.

Na san za ku ce yaro ya ci abinci, to sai me? Ku bari in koma baya.

Ina ɗan shekara bakwai Abba ya kwaso mu ni da Umma daga Kano zuwa Guangzhou, inda yake sayen takalma da jakunkuna yana turawa gida. Hawa na biyar muke, ba lifta, a cikin gidajen nan da suka matse juna har maƙwabciya takan miƙo wa Umma albasa ta taga. Rana ba ta sauka lungun sai ta yi tsakiyar kai, ta leƙo minti kaɗan ta wuce abinta. Duk da haka Umma sai da ta yi gona a baranda: bokitan fenti guda shida, lalo a biyu, kuɓewa a biyu, attarugu a ɗaya, na ƙarshen kuma shekara huɗu ba mu san me aka shuka a ciki ba, amma kullum sai na ba shi ruwa. Aikina ke nan da safe, sai shanya a kan gora, sai hauro da jarkar ruwan sha tun daga ƙasa ina hutawa a kowane hawa ina tsine wa wanda ya gina gidan. Da yamma mu hau amalanken masu dakon kaya mu gangara lungu, ko mu yi ta buga ƙwallon gashin kazar nan da yaran Cana, wadda ba a barin ta ta taɓa ƙasa. Na koya musu langa. Wani ɗan lukuti ya karye a hannu, aka hana.

Boko kuwa, kar ma ku tambaya. Shekara biyu na yi a wata makarantar 'yan gari, malama tana kirana Nu La maimakon Nura, ina zaune a layin baya yara suna taɓa gashina suna gudu. Rubutunsu mai kama da an zubar da ashana bai taɓa shiga kaina ba, amma bakin, kai! Wata shida na iya ciniki, na iya zagi, na iya ba da haƙuri. Da haka na zama tafintan lungu, manyan alhazai masu kwantena suna jira in gama cin ƙwalama in zo in gaya wa mai shago farashinsa ya yi hauka.

Kakana, mahaifin Abba, ya zo ne a duba masa gwiwa, gwiwa ta ƙi warkewa, shi kuma ya ƙi komawa. Saje Ilu, gajere, kunne ɗaya ya mutu, wando kullum da karin guga ko da shago zai je sayen ashana. Ya yi aikin kiyaye zaman lafiya a Laberiya lokacin yaƙinsu, tare da sojojin Ghana, shi ya sa 'yan zango, wato Hausawan Ghana, suke ganin girmansa kamar yadda Kanawa suke gani. Ni Janar nake ce masa don tsokana, in ce shekara ashirin da biyu a soja igiya uku kawai aka samo. Shi kuma ya ce min Kurtu, ya ce da ni aka tura yaƙi da a kicin za a tsinci gawata.

A can ƙololuwar gidanmu, hawa na bakwai, akwai wani ɗaki da muke kira Ɗakin Sama. Kanawa da 'yan zangon Ghana suka haɗu suka kama shi wajen mai gidan, wata tsohuwa da kowa ke ce wa Ayi. A nan ake sallar jam'i, a nan muke karatun allo Asabar da Lahadi, a nan kuma marasa wurin kwana suke shimfiɗa: masu ɗaurin kaya, baƙon da ya sauka bai san kowa ba, mara lafiyar da ba shi da mai jinya. A shekarar mutum shida ne ke kwana a ciki.

Sai kasuwar Sallah ta taso. Kaya suka yi wa Kanawa yawa, sito ya cika, su Abba suka jibge kwalayen takalma a Ɗakin Sama, wai na kwana biyu. Kwana biyu ya zama sati, har sahu ɗaya ba ya samuwa. 'Yan Ghana suka gaji, suka fitar da kwalayen saman rufi, ruwa kuma ya zo ya yi musu wanka. Washegari Abba ya sa wa ƙofar kwaɗo. Kafin la'asar Alhaji Isa, shugaban 'yan zango, ya kawo nasa kwaɗon, wanda ya fi na Abba girma, ya ɗora a kai. Ƙofa ɗaya, kwaɗo biyu, ba mai shiga. Mutum shidan nan suka koma kwana a matakala, kayansu duk a kulle a ciki. Ayi ta hauro tana haki, ta kira ni, ta ce in gaya wa manyana: in safiyar Sallarmu ta yi tana ganin kwaɗo biyu, za ta sa a fasa su, ta ba wani tela ɗakin. Na fassara, na rage zagin.

Ɓangarorin biyu suka ce Saje ne kawai zai shiga tsakani. Ya yarda, amma da dokarsa. Tun daga ranar ba zai ci ko ya sha na kowane ɓangare ba sai an buɗe ƙofa, har na gidan ɗansa, tunda Abba ne jagoran Kanawa. Ya naɗe tabarmarsa ya koma matakala wajen mutum shidan, da gwiwar tasa. Ni kuma da yake ni ne mai kai saƙo, ni ne mai yi masa magana da Ayi, sai ya ce dokar ta hau kaina. "Bakinka bakina ne yanzu, Kurtu. Abin da bai shiga nawa ba, ba zai shiga naka ba."

To me za mu ci? Taliya. Akwai shagon wasu Musulman Cana masu farar hula a bakin titi, inda ake jan taliya da hannu ana zuba mata romo. Safe taliya, rana taliya, yamma taliya. Kwana uku na farko daɗi nake ji. Ran na bakwai in na rufe ido taliya nake gani tana reto. Na tambayi mai shagon ko yana da wani abu daban, ya ce meyo, wato babu, yana dariya har da riƙe ciki.

A shagon ne na matsa wa Saje, na ce Janar, wannan azabar a wane littafi take? Ya daɗe yana juya romo kafin ya ba ni labari. Ya ce an taɓa ajiye su a wani shinge tsakanin ƙauyuka biyu da ba sa ga maciji da juna. Na kusa da su kullum sai sun kawo musu rogo da kifi, wata rana har akuya, su kuma yunwa, suka yi ta ci. Ran nan mutanen ɗaya ƙauyen suka zo da kuka, suka ce ana shirin far musu. Saje ya kira waɗanda ke ciyar da su ya tambaya, suka rantse ƙarya ce, ya yarda, ya sallami masu kukan. Kwana biyu bayan nan ya tsaya a shingen yana kallon hayaƙin ƙauyen masu kukan. "Ba cin hanci na yi ba," in ji shi. "Kawai dai da suka rantse, ina jin ɗanɗanon kifinsu a bakina, sai na ga fuskarsu ta fi kama da ta masu gaskiya." Ya ce tun ranar ya yi wa Allah alkawari biyu: ba zai ƙara raba faɗa da abincin wani a cikinsa ba, kuma kafin ya ji ta bakin masu ƙarfi sai ya fara zama da wanda abin ya faɗa wa a ka. Na shanye romona. Na ji maganar fa, wallahi na ji. Amma ciki ba ya jin labari.

Haka muka yi ta zirga-zirga. Saje ya je shagon Abba ya zauna a ɗofane, don ko kujerarsu ba ya so ya daɗe a kai, a kawo shayi ya ce Alhamdu lillahi. Ya je sitonsu Alhaji Isa, a kawo lemo ya ce Alhamdu lillahi. Kanawa su ce sai an ba su haƙurin takalman da suka jiƙe, 'yan zango su ce sai an ba su haƙurin sallar da suka yi a kan matakala. A hankali yana rage wa kowa zafi, har ya samu suka yarda za a zauna ranar Juma'a bayan la'asar a saman rufi.

Sai ga Alhamis ɗin nan. Na kai saƙo sito, ina fitowa matar Alhaji Isa, Hajiya Ramatu, ta leƙo daga kicin ɗinta ta yafito ni. Ta miƙo min kwano a ɗaure da ɗankwali, ta ce da Hausarsu ta zango, "Yaro nga, kai ma mamanka. Kar ka buɗe." Kwanon Umma ne, farin nan mai jan fure da ya ɗan ɓantare a baki, na san shi kamar tafin hannuna. Ban tsaya tunanin me ya kai kwanonmu gidan abokan faɗa ba. Ƙamshi kawai na ji. Na ce bari in duba, daga dubawa na ce bari in gyara gefen da ya karkace, sauran kun riga kun sani.

Yanzu ga inda wayon ɗan lungu ya ƙarasa ni. Na zauna na yi lissafi irin nawa: matsalar ai ɓangare ɗaya na ci, in na ci na ɗaya ɓangaren shi ke nan an yi kunnen doki. Na haura gida, Umma ta sauke tuwon shinkafa da miyar kuka, na ce ta zuba min a wannan kwanon dai, daidai inda wakyen ya tsaya, don a yi adalci. Ta kalli kwanon, ta kalle ni, ta rufe baki da mayafi, ta zuba. Na ɗauka na fita baranda tsakanin bokitan kuɓewa inda duk lungu zai gan ni, na cinye ina ɗaga loma sama. Kafin magariba labari biyu ke yawo a Sanyuanli: Kanawa na cewa an sayi gidan Saje da wake, 'yan zango na cewa dama can a ɓoye tuwon ɗansa yake ci. Saje bai yi min faɗa ba. Ya kira ni Nura. Tunda nake bai taɓa kirana da sunana ba.

Juma'a bayan la'asar rufi ya cika, Kanawa ta wajen tankin ruwa, 'yan zango ta wajen igiyar shanya, mutum shidan matakala a rakuɓe bakin ƙofa, Ayi a kan 'yar kujerarta tana fifita. Ko addu'a ba a gama shafawa ba Alhaji Sabo ya miƙe ya ce shi da idonsa ya ga jikan mai sulhu yana lasar kwanon zango. Alhaji Isa ya ce su ma suna da ido, sun ga tuwo a baranda. Murya ta fara hawa, wasu har sun fara neman takalmansu. Na san in aka watse a haka an gama, jibi tela zai shigo da kekensa.

Saje ya buga sandarsa a ƙasa, ya tsayar da ni a tsakiya. Ya ce in faɗa da ƙarfi, wa ya ba ni wakye na ci. Na ce, "Ni ba a ba ni ba. Aiko ni aka yi. Na gidan Abba ne."

Saje ya juyo da kunnensa mai ji, ya ce in sake. Na sake, na ƙara da cewa ai kwanon Umma ne. Daga nan zance ya warware da kansa. Ashe tun kafin rigima Umma da Hajiya Ramatu suna musayar girki, kuma kowa ya san ba a mayar wa mutum kwanonsa wayam. Umma ta aika da tuwo, kwano ya dawo da wakye, dole ya koma da dambu, dole ya dawo da wani abu. Wadda duk ta fara riƙe kwanon ita ce ta yanke zumunci, ba kuma wadda ta yarda ta zama ita. Kwana goma sha ɗaya kwanon nan yana bin matakalar baya a hannun 'yar Hajiya, ran nan ne kawai yarinyar ba ta nan aka ba ɓarawo ajiya. Wato Abba yana zagin 'yan zango da safe, da rana yana share gumin shito. Alhaji Isa kuwa wani yaronsa ya kasa daurewa ya ce ai Alhaji har ƙorafi yake in miyar kuka ta zo ba man shanu.

Aka fashe da dariya, har da masu riƙe da takalmi a hannu. Abba ya sunkuyar da kai yana karanta yatsun ƙafarsa. Ni har na fara washe baki ina jiran a yaba min. Sai na ga Saje bai yi dariya ba. Ya cire hularsa ya ajiye a kan tabarma, ya ce doka dai an karya ta, ko na wa ne abincin ya shiga bakin da ya kira nasa, don haka shi ba zai yanke komai ba. Ya nuna bakin ƙofa da sanda, ya ce, "Ga waɗanda suka kwana a kan siminti. Ba takalminsu ne ya jiƙe ba, ba su suka sa kwaɗo ba. Ku tambaye su."

Ba wanda ya taɓa tambayarsu komai. Suka yi ta kallon juna, sannan Malam Idi, wani mai ɗaurin kaya ɗan Damagaram da tari ya kama a matakalar, ya miƙe yana murza hula. Ya kira Saje Patron, wato maigida a bakinsu, ya ce, "Mu ba mu san wa ke da gaskiya ba. Maganina yana ciki, rigar Sallata tana ciki. A buɗe dai. Kuma in an yarda, kar a sake kwana da kwali a inda mutum ke kwana." Ya zauna yana tari. Ba a yi dariya ba wannan karon. Alhaji Isa ne ya fara cewa to makulli ya zauna a hannun masu kwana a ɗakin, Abba ya ce bai ƙi ba, ba tare da ya ɗago ba. Saura wa zai fara buɗe nasa, don kowa na ganin wanda ya fara shi ya sha kaye. Malam Idi ya ce su yi musayar makulli, kowa ya buɗe na ɗan'uwansa. Ni aka sa in ƙirga uku, na ƙirga da yaren Cana don kar a ce na yi da Hausar wani ɓangare. Kwaɗo biyu suka faɗi kusan tare. Ayi ta tsince su ta zuba a aljihun rigarta, ta ce in gaya musu duk manyan banza ne. Na ce ta ce Allah ya ba da lada.

Ranar Sallah a Ɗakin Sama aka ci abinci, tuwo da wakye a faranti ɗaya, Saje ya sa aka fara zuba wa su Malam Idi kafin alhazai. Na matso kusa da shi na ce, Janar, ka ga ai ni na raba faɗan nan, ina igiyata? Ya tauna namansa a hankali, ya ce, "Sa'a ka yi, Kurtu, ba daidai ka yi ba. Ni ma ci na yi, aka ƙone gari." Na ji daɗin Kurtun da ya dawo, sauran maganar kuwa sai da na yi gemu ta same ni.

Bayan shekara biyu Saje ya koma Kano, a can ya rasu, ban samu jana'izarsa ba. Abba da Umma ma sun koma, kwanon mai jan fure yana can cikin kayanta. Ni na maƙale a nan. Ina zaune a unguwar Panyu, ina shiga kasuwar Xintang in ɗauki bidiyon wandunan jins in tura wa masu saye, kwastoma ɗari ban taɓa ganin fuskar goma ba. Kwanaki na bi ta tsohon lungunmu, na ga Ɗakin Sama ya zama wurin da 'yan mata ke tallar riguna a gaban waya da fitila mai zobe. Rigima ba ta ƙare a tsakaninmu ba, sai dai yanzu a waya ake yinta, kowa a ɗakinsa, mutum ya zagi ɗan'uwansa ya fice daga zaure da yatsa ɗaya. Wani lokaci akan ce Nura jikan Saje ne, ya shiga tsakani. In na karɓa nakan tafi shagon masu farar hula in yi ta shan taliya, abokaina suna min dariya, ban kuma cika yin nasara ba. Na iya hana bakina, wannan na koya. Amma ba matakalar da zan je in zauna da wanda abin ya faɗa wa, ba kuma wani kwano da ke zagayawa ta baya yana riƙe da mu ba mu sani ba. Abinci yanzu ɗan babur ke kawo min shi a roba, in na gama in jefa a shara.

Ba wanda ke jiran in mayar masa da komai.